Wa Zai Mayar Da Odilia Gida

Takardar shafi huɗu ce, kuma Odilia Silveira ta cike ta tas ban da layi ɗaya. Sunanta, shekarunta talatin da huɗu, magungunan da take sha, duk ta rubuta. Layin ƙarshe ne ya tsaya mata a wuya: sunan wanda zai ɗauke ta bayan tiyata, ya kuma zauna da ita kwana ɗaya cur.

Kwana tara ke nan takardar na kan teburin cin abincinta, mai kujeru biyu da ɗaya kawai ake ja.

Ta tambayi Dakta Bedrosian ko za ta iya kiran tasi. Likitar ta sauke tabarau ta dube ta.

"Ba tasi, ba bas, ba 'zan lallaɓa da kaina'. Mutum nake so, mai suna da lambar waya. In babu shi ranar Alhamis, ba zan taɓa ki ba."

"To ki kwantar da ni mana, Dakta, ko kwana biyu ne."

"In kwantar da ke a kan me? Ba farke ki zan yi ba. Huda huɗu ce, kowace ba ta kai faɗin farcenki ba. Ta ɗaya in saka kyamara, ta sauran in yi aikina, in cire ƙarin da ya fito a mahaifarki in bar miki ita. Jini kaɗan, ciwo kaɗan, da yamma kina gida, bayan sati biyu kina wurin aiki. Amma ki ji ni da kyau: in Alhamis ta wuce, ba ni da wuri sai bayan wata huɗu, kuma ƙarin nan ba ya jiran kowa. In ya ƙara girma sai wuƙa, a nan kuwa ba zan yi miki alƙawarin mahaifar ba."

Duk wanda ya ji wannan cewa zai yi an yi mata gata, kuma gatan ne. Sai dai wanda ya ƙirƙiro irin aikin nan ya ɗauka kowa yana da mai jiransa a gida. Abokan aikinta a ofishin makaranta mutanen kirki ne, irin kirkin da ke tashi ƙarfe huɗu. Maƙwabtanta a garin Visalia kuwa, wata biyar da tarewarta, ƙarar ƙofofinsu kawai ta sani.

Akwai suna ɗaya da alƙalamin ke son rubutawa da kansa. Efrain Zamudio, wanda ya shekara shida yana shugabantar masu tatsa a gonar shanun mahaifinta. Ranar da ya wanke hannu ya sa farar riga ya shiga falo neman aurenta, ranar mahaifin nata, Baba Belmiro, ya kore shi daga aiki. Ita ma ta kwashe kayanta ta bar gidan. Har sun fara neman ɗaki sai zubar jinin da take fama da ita ta tsananta, likitan farko da ta gani ya ce mahaifar ce za a cire gaba ɗaya. Efrain kuwa su tara ne a ɗakinsu, mutum ne da ko ɗan maraƙi ya gani sai ya raɗa masa suna. Ba ta gaya masa komai ba. Ta dubi tsabar idonsa ta ce Baba ne da gaskiya, ba su dace ba. Bai yi gardama ba, ya ɗauki hularsa ya yi arewa.

Da wane bakin za ta kira shi yanzu?

* * *

Ranar Talata ta tuƙa mota zuwa gonar, bayan garin Tulare. Ta tarar da mahaifiyarta Lurdes a kicin tana kwaɓa burodi mai zaƙi.

"Kin rame," in ji Mama, ba ta ɗago sosai ba.

"Ba ni da lafiya, Mama. Jibi za a yi mini aiki. Irin naki ne."

Kwaɓin ya suɓuce. Mama ta dafe ƙirji da hannu duk gari, ta kira sunan Allah, ta rungume ta da ƙarfin da Odilia ta yi wata biyar ba ta ji ba.

"Wayyo 'yata! Shi ne kika yi shiru? Wane asibiti? Kwana nawa za su riƙe ki? Bari in kira gwaggonki Zulmira mu raba kwana, ni dare ita rana. Babanki ma zai zo, ko yana so ko ba ya so."

Abin da Odilia ta zo nema ke nan. A danginsu faɗa ba ya tsallake ƙofar asibiti. Tun a tsibirin da iyayenta suka baro haka abin yake: in aka kwantar da mutum, kowa zai zo da tukunyar miya da carbinsa, a zauna sati guda a bakin gado har gaba ta mutu don kanta. Baba da ƙanensa sun shekara goma sha ɗaya ba sa ga-maciji, a gefen gadon Mama suka shirya.

Da ta yi shiru da ta ci riba. Amma Odilia ba ta iya ƙarya biyu a shekara ɗaya ba.

"Ba za su riƙe ni ba, Mama. Ranar zan dawo. 'Yan huda huɗu ne kawai, da kyamara suke yi."

Hannun Mama ya saki a hankali.

"Ranar?"

"Ranar."

"Au! To ai ba aiki ba ne wannan, kin tayar mini da hankali a banza." Ta ɗaga rigarta ta nuna tabon da ya ratsa mararta daga ƙugu zuwa ƙugu, fari, mai kauri kamar igiya. "Kin ga aiki. Kwana tara a asibiti, jini leda uku, wata biyu ban ɗaga ko tukunya ba. Naki ai kamar cire haƙori ne."

"Mama, barci za su sa ni. Tsoro nake ji."

"Tsoron me, ga ki za ki kwana a gadonki?"

"A gadona ni kaɗai!" Hawayen da ta yi ta dannewa tun daga hanya suka ɓalle. "Kin san yadda ɗakin nan yake? In na yi tari ni nake ce wa kaina sannu. Suna ɗaya suke nema, Mama, wanda zai ɗauko ni ya kwana da ni. Na duba duniyar nan kaf ban samu ba."

Mama ta kawar da kai, idonta ya cika. Shekara arba'in a ƙasar nan ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, duk inda za ta sai Baba ya kai ta.

"Lino zai ɗauko ki."

Baba Belmiro ne a bakin ƙofa, yana cire takalmin roba. Ashe ya jima a tsaye.

Lino Bettencourt shi ne mai gonar da ta haɗa shinge da tasu. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, kuma tun daga lokacin Baba yake kallon shingen nan kamar ƙaya a ƙafa, wadda auren Lino da Odilia ne kawai zai cire. Ba mugu ba ne Lino, shi ne ma abin haushin. Da mugu ne da ƙin sa ya zo da sauƙi.

"Baba, kai fa? Tafiyar minti ashirin ce."

"Ni ba na zuwa ɗauko wadda ta fita da ƙafarta. Lino ya ɗauko ki ya kawo ki nan, ɗakinki na nan yadda kika bar shi. Uwarki ta yi jinyarki."

"Ranar Lahadi kuma duk coci su ce an gama magana."

"Su ce mana. Ƙarya za su yi? Shekararki talatin da huɗu, ke kaɗai gare ni. Shanu dubu da ɗari biyu in bar wa wa? Yaron da nake biya ya wanke musu nono?"

"Ya tafi, Baba. Ni na kore shi da bakina. Me kuma kake so?"

"In ga hankalinki ya dawo gida, ba jikinki kaɗai ba."

Ta dubi Mama. Mama ta mayar da hannu cikin kwaɓi tana dannawa, hawaye na ɗiga a kai. Odilia ta ɗauki makullinta ta fita, babu wanda ya raka ta ko bakin mota.

* * *

Ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis tana zaune a gefen gado cikin rigar asibiti mai ɗauri ta baya, cikinta babu ko ruwa. Bayan kowane labule ana jin muryoyi biyu-biyu. Wani tsoho na yi wa matarsa tsiya wai hular ledar ta fi gashinta kyau.

Nas ɗin da ke kula da ita, Marivic, gajeriyar mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Ta buɗe shafi na huɗu ta tsaya.

"Ƙanwata, kin manta layi ɗaya."

"Ban manta ba."

"To ko dai ki tuna da wani, ko ki sa kayanki. Dakta ba ta wasa da wannan, na ga ta mayar da alƙali gida."

Odilia ta karɓi alƙalamin. Lambar Lino tana kanta, tun suna yara ba ta canja ba. Rubutawa kawai za ta yi, da yamma tana ɗakinta na ƙuruciya, ƙamshin miyar Mama na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta ɗora bakin alƙalamin a takarda. Da ta ɗaga, sunan Efrain ne a wurin.

"Ya san da zancen?" in ji Marivic.

Ta girgiza kai.

"Ikon Allah. Ku dai masu soyayya ku ne za ku kashe ni." Ta ciro waya ta buga, ta sa yadda duka za su ji.

Sau biyar ta yi ƙara. Sai ga ƙugin injin tatsa, sai ga muryarsa. Marivic ta faɗi ko ita wace ce, da sunan wadda ta rubuta shi.

"Odilia? Me ya same ta? Hatsari ne?"

"Ga ta nan, ta faɗa maka da bakinta."

Odilia ta riƙe wayar da hannu biyu. Duk jawabin da ta yi wata biyar tana shiryawa ya gudu.

"Efrain, ƙarya na yi maka. Ba don Baba ba ne. An ce mini ba zan haihu ba, za a cire mahaifar, na ga ba zan iya kallonka kana yi mini haƙuri har tsufa ba. Yanzu wata likita ta ce za ta iya barin ta. Yau ne aikin. Ba ni da kowa. Ba cewa nake ka yafe mini ba, wallahi ba shi nake roƙo ba. Mota kawai nake nema."

Ƙugin injin ya ɗauke. Har ta ɗauka layin ya yanke.

"Ba ni nas ɗin," ya ce.

Ko sunanta bai sake kira ba. Ya gaya wa Marivic yana Ferndale, can kusa da teku, tafiyar awa takwas in hanya ta yi kyau, kuma sai ya sami wanda zai karɓi tatsar.

"Shida muke rufewa, malam. Zuwa za ka yi ko a'a? E ko a'a nake rubutawa."

"Rubuta e."

Ya kashe. Marivic ta yi alama a takarda, ta kama hannun Odilia tana neman jijiya.

"Daina kukan, kina ɓoye mini jijiyoyi."

* * *

Ta farka wajen ƙarfe ɗaya, maƙogwaro a bushe, kafaɗarta ta dama na ciwo. Marivic ta ce iskar da aka hura mata a ciki ce, tafiya za ta kore ta. Abu na farko da ta yi shi ne laluba cikinta. Filasta huɗu, ɗaya a cibiya, uku a ƙasa. Shi ke nan.

Dakta Bedrosian ta leƙo da hularta a kai.

"Ƙari uku na cire, babban ya kai lemo. Jinin da kika zubar bai cika rabin kofi ba. Mahaifarki na nan lafiya lau."

Odilia ta juya don ta gaya wa wani. Kujerar gefen gadon jakarta ce a kai.

Kafin ƙarfe uku ta sha ruwan tuffa, ta ci biskit, ta taka da ƙafarta har banɗaki ta dawo. Ta sa kayanta ta zauna. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa zuge labulaye, ana tura mutane a keke zuwa ga masu jiransu. Tsohon nan ya wuce da jakar matarsa rataye a wuya, har yanzu bai daina tsiyar ba.

Ƙarfe huɗu da kwata Marivic ta shigo fuska ba walwala.

"Kina da baƙi uku. Babu mai sunan takarda a cikinsu."

Baba ne gaba, da rigar zuwa coci. Lino na bayansa riƙe da furanni kamar an ba shi ajiya. Mama ce ƙarshe.

"Tashi mu tafi," in ji Baba. "Uwarki ta hana ni sakat tun asuba. Ga motar Lino a waje."

"Na rubuta wani, Baba."

"Na ji a wurin matar can. Ina yake? Nuna mini shi." Ya waiga hagu da dama. "Wanda kika wulaƙanta ne zai taso daga ƙarshen duniya? Yana can yana dariya. Ke nas, kawo takardar ta canja suna. Ke kuma Odilia, ki faɗa yanzu a gaban Lino, maganar nan ta ƙare yau."

Gaskiya ta so ta ce to. Jikinta ya yi laushi, kanta na juyawa, ga Mama taku biyu kawai. Wayar Efrain kuwa sau uku Marivic na bugawa ba ta shiga.

Marivic ta shiga tsakaninsu, kanta bai kai kafaɗar Baba ba.

"Baba, da girmanka. Maganin barci bai sake ta ba. Ga shi a takardar sallama: awa ashirin da huɗu ba tuƙi, ba sa hannu, ba yanke babbar shawara. In tana son wata motar, ita za ta ce, ba kai ba. Zancen aure kuwa, ko ta ce e yau, maganin ne ya faɗa."

"Ke wace ce da za ki shiga tsakanina da 'yata?"

"Mai aikin yau."

Mama ba ta ji ko ɗaya ba. Ta matso ta ɗaga gefen rigar Odilia a hankali, ta tsaya tana kallon filastocin nan huɗu.

"Nan suka bi?"

"Nan, Mama."

"Suka kuma bar miki mahaifar?"

"Sun bar mini."

Mama ta toshe baki, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba na yau ba ne.

"Shekarata talatin da ɗaya a lokacin," ta ce. "Ko tambayata ba su yi ba. Na farka aka ce an cire. Ni da na so in cika gidan nan da yara. Da a lokacina ne... Yafe mini, 'yata, na ce miki cire haƙori."

Suka riƙe juna, Odilia na kare cikinta da hannu ɗaya. Ta saman kafaɗar Mama ta dubi mahaifinta.

"Zan jira shi, Baba."

"In bai zo ba fa?"

"Zan jira."

Lino ya ajiye furannin a kan gado.

"Allah ya ƙara sauƙi, Odilia. Baba Belmiro, mu je. Ban saba ɗaukar wanda bai kira ni ba."

Fuskar Baba ta yi ja har wuya.

"In na fita ƙofar nan ba ke, kada ki sake tako mini gona, ko gawata aka shimfiɗa. Lurdes!"

Mama ta ƙara ƙanƙame ta.

"Lurdes!"

Shekara arba'in ba wasa ba ne. Mama ta sake ta, ta gyara mata wuyan riga, ta bi bayansa tana waige har ƙofar ta rufe.

* * *

Biyar da rabi ta wuce. An kashe fitilun ɓangare ɗaya, mai shara na jan bokitinsa. Marivic ta turo ta a keke zuwa bakin ƙofar gilashi, inda ake ganin filin ajiye motoci. Mota huɗu suka rage, ɗaya tata ce, wadda ba ta da ikon tuƙawa.

"In shida ta yi fa?" in ji Odilia.

"Sai in tura ki babban asibiti ki kwana a wurinsu. Ba a titi zan bar ki ba."

Ba titin take tsoro ba. Ta sayar da gida da uwa a kan kalma ɗaya da aka faɗa wa wata, ba ita ba. Wataƙila ya ce e ne don a yi mata aikin kawai, ya sauke nauyi ya koma cikin shanunsa. In haka ne ma ya yi mata alheri, kuma ba ta da bakin ƙorafi. Tunanin nan ya fi hudar cikinta ciwo.

Saura minti bakwai shida ta cika wata tsohuwar akori-kura ta shigo a guje, ta tsaya a karkace kan layi biyu.

Da takalmin tatsa ya fito, wandonsa duk busasshen taɓo. Ya rame shi ma. Ya tsaya gabanta yana haki, idonsa jawur, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Waya ta mutu tun a duwatsu," ya ce. "Da ciwo?"

"Kaɗan."

"An cire?"

"Ƙarin kawai."

Ya gyaɗa kai.

"Da an cire duka ma da na zo. Abin da ban yafe miki ba ke nan, da kika yanke mini hukunci ba ki tambaye ni ba. Awa tara ina faɗa da ke a mota, ban gama ba."

"Na sani."

"Ku ƙarasa a gida," in ji Marivic, ta miƙa masa allo da alƙalami. "Magani kowace awa shida, abinci marar nauyi, ta riƙa ɗan takawa. Kada ka bar ta ita kaɗai har gobe war haka. Sa hannu nan. Nan kuma ka rubuta abin da kake a wurinta."

Ya sa hannu. A ɗaya gurbin alƙalamin ya tsaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya durƙusa daidai keken.

"Odilia, me zan rubuta?"

Ta buɗe baki, hawaye suka riga maganar fita.

"An ce yau maganata ba ta da daraja, magani ne. Bar wurin haka. Gobe war haka ka sake tambayata." Ta kama hannun rigarsa mai warin shanu ta riƙe gam. "Kai dai goben ta same ka a nan."